Jelar Sarƙa

Motar da Isla ta kawo wa uwarta ba ta da murya. Wato muryar tana nan, amma ba ta mota ba ce. In ka danna maɓallin tayarwa, maimakon inji ya yi tari ya kama, sai wata mata ta yi maka magana da Japananci daga cikin allon gaba, cikin ladabi, sannan ta yi shiru. Irin motocin nan ne masu haɗa fetur da wutar batir, waɗanda ake saukewa daga jirgin ruwa bayan wasu sun gama morarsu, har sun cika titunan garin Timaru. Ba a samu wanda ya san abin da matar ke faɗa ba. Marama dai, uwar Islar, ta yanke wa kanta cewa gaisuwa ce, don haka kullum takan amsa, "Lafiya lau, ke fa?"

Isla ce ta raba ta da tsohuwar a-kori-kurar gidan, wai gwiwarta ba ta iya kuloci.

"Mama, wannan ba canja giya, ba hayaƙi, fetur kuwa sunsunawa kawai take yi."

"Mota ce wannan ko kyanwa? Ta shigo gida ban ji ba."

"Ai daɗin ke nan."

"A wajenki," in ji Marama. Sunan kuwa ya bi motar, har ita Islar Kyanwa take ce mata.

Ranar da mai saye ya zo ɗaukar a-kori-kurar, abu ɗaya Marama ta hana a tafi da shi, sarƙoƙin da ake ɗaura wa tayoyi lokacin dusar ƙanƙara. Ta jawo su da kyar ta zuba a but ɗin Kyanwa, duk da sun yi wa ƙananan tayoyinta yawa. Sarƙoƙin nan sun ga faɗa. Tun tana amarya a wannan tudun na Mackenzie, Marama ba ta taɓa ɗaure jelar sarƙa yadda ya kamata ba. Sai ta maƙala ƙugiya ta bar ragowar tana reto, tana dukan jikin mota duk juyin taya, har mutanen ƙetaren kogi su san matar Fergus Tulloch ta fito. Shi kuma Fergus ya fito yana sababi, ya zaro guntun wayar shinge daga aljihu ya ɗaure. Hunturu ya zagayo, a sake. Da irin wannan faɗan suka tsufa.

Akwai abin da Isla ba ta sani ba, uwar kuma ba ta gaya mata ba. Tun da kan Fergus ya fara zubar da abubuwa, fuskoki ne suka fara tafiya. Ya manta maƙwabta, ya manta fuskar 'yarsa, daga baya ya zo kan ta matarsa. Amma kunnensa bai manta ba. In Marama ta dawo daga cefane a Fairlie, tun daga kan gada yake jin rurin a-kori-kura, ya taso ya tsaya a bakin ƙofa, hannu a aljihu, ya ce, "Marama, kin daɗe." Daga nan har su kwanta ya san da wa yake zaune. Da Kyanwa ta zo, sai ta riƙa shigowa fili ba motsi, Marama ta shiga kicin da kaya a hannu, shi kuma ya miƙe tsaye cikin mutunci ya cire hula.

"Baiwar Allah, matata ta fita, amma zauna ki jira ta."

Abin yana mata ciwo, ciwo na gaske, irin wanda ba a sabawa da shi. Ta yi shiru ne don ta san 'yarta. Da Isla ta ji, kuka za ta fara yi, sannan ta kawo maganar gidan kula da tsofaffi. Sai Marama ta riƙa zama ta jira kanta, ta sha shayi da mijinta a matsayin baƙuwa.

A wata safiya cikin watan Yuli, wanda a wannan ƙasar shi ne tsakiyar hunturu, dusar ƙanƙara ta fara sauka ba iska, manya-manya, a hankali, kamar ba ta da inda za ta. Marama ta ɗora miyar rago da kabewa, ta ƙara itace a murhu, ta zauna ta ɗan miƙe ƙafa. Fergus na bakin taga yana kallon tudu. Ɗumin murhu ya yi mata daɗi, farin hasken waje ya cika ɗakin har bango ya yi kamar ya ja da baya. Ta ji tukunya na ɓararraka can nesa. Ba ta san lokacin da barci ya sace ta ba.

Sanyi ne ya tashe ta. Ƙofar baya a buɗe take, dusa ta shigo ta kwanta a kan tabarmar goge ƙafa. Takalmansa ba sa nan, kwat ɗinsa ta ulu ba ta nan, haka ma doguwar sandarsa ta kiwo da ta yi shekaru a jingine. Sawunsa ya ratsa fili ya nufi hanyar tudu, amma har ya fara cikewa, gefensa ya yi laushi. Duk ɗan wannan ƙasar ya san ma'anar sawun da ya yi haka. Mutumin ya yi nisa, kuma tsoho ba ya daɗewa a tsaye cikin irin wannan sanyin.

Ta kira Bevan Orr, maƙwabcinsu da ya karɓi hayar filayen kiwonsu.

"Bevan, tsohon ya fita."

"Ya fita ina? Cikin wannan abin?"

"A'a, bakin teku ya tafi shan iska. Ina kake tsammani? Sandarsa ba ta nan."

"Kai! Ya hau neman tumakin da kuka sayar ke nan." Ta ji ƙarar tarakta a bayan muryarsa. "Ina ƙetaren kogi ina ba shanu ciyawa, sai na zagayo ta gada. Ga ni nan. Ke kuma, Marama, don girman Allah ki zauna. Kada ki fitar da wannan akwatin sabulun, cikinta a ƙasa yake kamar agwagwa."

"Na ji."

"Ba ki ji ba. Na san wannan 'na ji' ɗin naki, da shi kika..."

Ta riga ta ajiye wayar. Ta sauke tukunya, ta zura takalma, ta yafa gyalen ulu. Da ta danna maɓalli matar nan ta yi maganarta mai laushi, yau dai Marama ba ta amsa ba.

A hawan farko Kyanwa ta nuna mata halinta. Marama ta taka totur yadda a-kori-kura ke so, wato da ƙarfi da zagi. Tayoyin gaba suka zame, wata 'yar fitila ta fara ƙifta ido a allo, motar kuma ta janye ƙarfinta gaba ɗaya. Ta danna ƙafa har ƙasa, Kyanwa ta yi kunnen uwar shegu da ita. "Ke, yau ba ranar iyayi ba ce!" Ta daki sitiyari, hawaye na neman zubo mata don haushi. Sai ta ɗage ƙafar, ta ja numfashi, ta sake taɓa totur ɗin kaɗan-kaɗan, yadda ake taɓa ruwan wankan jariri. Motar ta motsa. Ba fizga, ba kururuwa, ta riƙa lallaɓawa tana hawa, cikinta na shafar dusa. Ashe ita ba a yi mata tsawa.

Sawun ya ɓace a wajen shingen farko. Gaba fari, baya fari, sama da ƙasa sun haɗe ba a ganin ɗinkin. Ta leƙa ta kira sunansa, dusa ta shanye kiran tun bai kai shinge ba. Ko da ma ya ji, me zai amsa wa muryar baƙuwa? Injin fetur na ta gunaguni a ƙarƙashinta, sai ta tuna Isla ta ce muddin hita na kunne injin ba zai huta ba. Ta kashe hitar, ta sauke gilasai duka. Injin ya ɗan yi jim, ya mutu, motar kuma ta ci gaba da tafiya da batir kaɗai.

Marama ba ta taɓa jin shiru irin wannan ba, ita da ta yi rayuwarta a tudun nan. Ba ta jin komai sai murtsukewar dusa ƙarƙashin taya. Turakun shinge na zuwa ɗaya bayan ɗaya, kowanne da farar hularsa, su wuce ta ba sallama. Dusa na shigowa ta taga tana sauka a cinyarta, tana kallon ta ba ta kaɗe ba. Sai ta rasa ko motar ce ke tafiya ko tudun ne ke saukowa wajenta. Sanyi ya daina cizo ya koma wani nauyi mai daɗi, ta san wannan ba alheri ba ne, amma sanin ya tsaya can nesa bai dame ta ba.

A wannan hanyar ta hau shekarar babbar dusa, tana da cikin Isla, da tulun shayi a tsakanin ƙafafunta. Tumaki sun maƙale a saman tudu, dusa ta kai musu wuya. Maza suka jeru, na gaba yana tattake hanya da ƙafa har ya gaji ya koma baya, na bayansa ya karɓa, suka yi siririn lungu tun daga sama har kwari. Tumakin suka biyo ɗaya bayan ɗaya, ƙanƙara na reto a ulunsu tana ƙara kamar ƙananan ƙararrawa. Fergus ne a gaba, gemunsa ja a lokacin, tururi na tashi daga kafaɗunsa. Yanzu ma da ta dubi gangaren sai ta ga kamar layin na saukowa, farare cikin fari. Ta ƙifta ido, ba kowa sai duwatsu.

Sai ta ji fito.

Siriri ne, can sama ta hannun dama, ya hau ya karye ya sake hawa. Fiton da ake ce wa kare ya zagayo bayan garke ne. Moss yake kira, karen da suka binne ƙarƙashin itacen tuffa tun Isla na makaranta. Marama ta riƙe numfashi har ya sake zuwa. Ko ba ta so, sai da ta yarda a ranta cewa da a-kori-kura ta zo, da ta wuce shi tana ruri ba ta ji komai ba. Ta juya kan motar ta bi ƙaramar hanyar da ke hawa zuwa ƙofar shingen sama.

Can ta same shi. Ya tattake lungu mai kyau, madaidaici, daga ƙofar shinge zuwa gindin wani dutse, yana kai da kawowa a ciki, yana buga ƙafa yadda aka koya masa tun yana yaro. Girarsa ta yi fari, leɓensa ya canja launi, safar hannu ɗaya ta faɗi wani wuri. Ta tsayar da motar dab da shi bai waiwayo ba, sai da ta fito ta taɓa hannunsa.

"Af! Baiwar Allah, kin ba ni tsoro. Da ƙafa kika hawo?"

"Da mota. Ga ta nan. Zo mu tafi gida, Fergus."

Ya dubi Kyanwa da ke tsaye shiru, fitilunta na haska dusa. "Wannan ai ba ta da rai. Turo ta kika yi?" Ya yi 'yar dariya, haƙoransa na haɗuwa. "Na gode, amma ba zan iya tafiya ba. Tumaki na sama, kuma matata na tafe da shayi. In ta zo ba ta same ni ba, na shiga uku."

"Ni ce, Fergus. Ni ce Marama."

Ya dube ta da tausayi, irin kallon da ake yi wa wanda ya ruɗe. "Sunanku ɗaya ke nan. Tawa yarinya ce, baƙin gashi har gadon baya. In kin gan ta ba za ki manta ba."

Ta haɗiye wannan, don ba lokacinsa ba ne. Ta cire gyalenta ta naɗa masa a wuya, ya bari, don shi mutum ne mai ladabi. Ta kama hannunsa ta ja, ko gezau, tsufa ya cinye masa kai amma ya bar masa ƙashi. Ta yi lallashi, ta yi faɗa, ta ce miya na kan wuta. Da ta rasa dabara sai ta yi ƙarya.

"Ita ce ta aiko ni. Ta ce in kawo ka."

Fuskarsa ta ɗaure. "To yanzu na san ba gaskiya kike faɗa ba. Marama ba ta aike. Da kanta take zuwa."

Ya juya ya koma lungunsa. Ta ga yadda ƙafarsa ta fara ja, yadda yake dogara da sandar fiye da ɗazu. Tsoro ya kama ta sosai. Bevan na can yana zagaye ta gada, kafin tarakta ta hawo nan mutumin nan zai zauna ya huta, wanda ya zauna a dusa kuwa ba kasafai yake tashi ba. Ga ta, ga shi, ga mota mai ɗumi taku kaɗan tsakaninsu, amma ba ta da hanyar sa shi ciki.

Hannu ba ya son zama banza in zuciya ta rikice. Ta ce bari dai ta juya motar ta fuskanci gida, ta kunna hita, ko in ƙafarsa ta gaza ta ja shi ciki. Gangaren kuwa ba ya sauka ba sarƙa. Ta buɗe but ta jawo su, masu nauyi, masu tsatsa, ta durƙusa a kan gwiwar da Isla ke tausayi. Ta yafa, ta zura hannu ta bayan taya ta maƙala ƙugiyar ciki, ta ja ta waje. A tayoyin baya ta ɗaura su. Ko yaron da ke wanke motoci a Timaru ya san irin su Kyanwa da ƙafafun gaba suke ja, sarƙarsu a gaba take. Amma sabo turken wawa, a-kori-kura da baya take turawa, kuma hannun Marama bai taɓa sanin wata taya ba. Ta hagu ta samu ta naɗe ragowar. Ta dama kuwa yatsunta sun riga sun mutu, ta bar jela mai tsawon kamu guda tana reto, ta ce ta ji da kanta.

Ta shiga, ta saki birki, ta bar motar ta gangara da baya zuwa inda hanya ta ɗan buɗe. Taya ta juya.

Ƙwal.

Ta sake juyawa. Ƙwal. Ƙwal. Cikin wannan shirun, ƙarar ta tafi har gindin dutse ta dawo.

"Marama!"

Ƙafarta ce ta taka birki, ba ita ba. Ba kiran mai neman taimako ba ne, ba kuma na mai murna ba. Tsawar miji ce wanda aka ƙure. Yana tahowa cikin dusa yana kaɗa sanda, fuska a murtuke.

"Marama, sau nawa zan gaya miki? Sau nawa? Ki ɗaure jelar nan! So kike ki fasa min jikin mota?"

Ta buɗe ƙofa ta fito. Da kyar ta samo tsohuwar amsarta. "In ta dame ka, ka ɗaure da kanka."

"Ai dole, tunda na auri wadda ba ta jin magana."

Ya durƙusa a gefen tayar yana ƙunƙuni. Ya laluba aljihun kwat, sai ga guntun wayar shinge, Allah kaɗai ya san tun yaushe take ciki. Yatsunsa sun yi fari suna karkarwa, amma suka lanƙwasa jelar, suka zura waya, suka murɗe ta tsaf. Bai tambayi yadda aka yi a-kori-kurarsa ta ƙanƙance ba. Ya dafa kafaɗarta ya miƙe, ya dube ta ido cikin ido, furfura da komai, bai ga wani abin mamaki ba.

"Kin daɗe. Ina shayin?"

"Yana gida."

"Tumakin fa?"

"Sun sauka tun tuni. Kai kaɗai ka rage."

"To me muke jira? Ji hannunki kamar ƙanƙara, ba kya sa safa, ke dai ba kya girma."

Da kansa ya zagaya ya shiga. Ta rufe gilasai, ta kunna hita har ƙarshe, injin ya farka ya kama gunaguninsa. Ta lallaɓa ta juya kan motar, suka fara sauka a hankali, sarƙoƙin na riƙe bayan kada ya wulla. Dusa na narkewa daga girarsa tana bin kumatu. Ya ɗora tafinsa a gwiwarta, inda ya saba ɗorawa, yana ba ta labarin ragon da zai saya in bazara ta yi, da rufin rumbun da ke yoyo, da yadda yarinyar nan Isla ta ɗauko taurin kan uwarta. Marama na cewa "uhm," tana tuƙi kamar mai ɗauke da ƙwai a faranti. Murna ta cika ta har tana jin tsoronta. Ta so a ce hanyar nan ba ta da ƙarshe, su yi ta sauka cikin farin nan, shi yana magana ita tana ji.

Amma wayar ta ɗauru da kyau. Aikin Fergus ba ya kwancewa. Ƙarar jela ta ɗauke, maganarsa ta riƙa raguwa, tana tsinkewa a tsakiya. Kafin su kai shingen farko ya janye hannunsa ya haɗa da ɗayan a cinyarsa, ya gyara zama irin na wanda aka rage wa hanya.

A nan suka ci karo da Bevan, tarakta na huci, fitilarta na juyi. Ya diro ya leƙa, ya ga tsohon a zaune da ransa, ya cire hula ya share fuska da ita.

"Marama Tulloch, wata rana ke za ki kashe ni. Na ce ki zauna!" Ya zagaya motar yana girgiza kai, sai ya tsaya cak a baya, ya fashe da dariya har yana dafa gwiwa. "Wayyo cikina! Wa ya ɗaura miki wannan? A baya? Ai kin sa wa doki takalmi a wutsiya! Da gaba take ja, baba. Kuma sarƙar wace babbar mota ce wannan? Yadda kika hau tudun nan kika sauko, sai dai a tambayi Kyanwa."

"Ka gama?"

"Ban gama ba, sai na ba da labarin nan a Fairlie. Kawo in cire miki su, daga nan zuwa gida na share hanya."

Sai ta ji ƙarar da ta fi tsoro, 'yar ƙarar marfin ƙofa. Fergus ya buɗe ɓangarensa, ya sa ƙafa ɗaya a dusa, yana laluben sandarsa.

"Baiwar Allah, na gode ƙwarai, Allah ya saka. Nan zan sauka. Matata na can sama tana nemana."

Bevan ya daina dariya. Ya matso zai tare shi, Marama ta ɗaga masa hannu.

"Ɗan jira kaɗan," ta ce wa mijinta, da muryar baƙuwa mai ladabi. "Yanzu za ta zo. Mayar da ƙafarka ciki, kada ɗumin ya fita."

Ya mayar, ya ja ƙofar don kada ya ɓata wa mai mota. Marama ta fita ta zagaya ta tayar dama, ta sake durƙusawa a kan gwiwar nan. Ta kama wayar da ya murɗe da hannunsa ta fara warwarewa. Ta yi tauri, sai da ta yanke ta a yatsa.

"Me kike yi haka?" in ji Bevan a hankali. "In kika sake ta, dukan jikin motar za ta yi ta yi. Fenti zai tashi, Isla za ta cinye ki ɗanya."

"Ta cinye."

Jelar ta faɗo ta yi reto. Marama ta miƙe wayar, ta shiga mota, ta zura ta a aljihun kwat ɗin Fergus ba tare da ya lura ba, don zai buƙace ta. Ta taɓa totur kaɗan-kaɗan. Bevan ya ja gefe, hula a hannu, dusa na sauka a kan sanƙonsa.

Ƙwal. Ƙwal. Ƙwal.

Ba ta dube shi ba, idonta na kan hanya, tana jira. Suka wuce turke ɗaya, suka wuce na biyu. Sai ta ji ya ja dogon tsaki, ya juyo gaba ɗaya a kujerarsa.

"Marama. Wai ke sai yaushe za ki koya?"

"Ba rana," ta ce, ta rage gudu don hanyar ta ƙara tsawo.